Baƙon da Ya Zauna a Makokinka

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a zauren gidanmu na Madabo. An idar da la'asar, babu wuta tun safe, ana yayyafi. Ina zaune a kan buzunka. Littattafai uku ne a gefena, kowanne da sunanka a bango, kuma a iya sanina babu wanda ka rubuta a cikinsu.

Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Abin da yake isa ga wanda ke kabari addu'a ce, ita kuwa ina yi maka bayan kowace salla. Amma ba a yin faɗa a cikin addu'a, ni kuma yau faɗa ne a bakina. Wasu zan yi wa, kai ma da rabonka a ciki. Ka yi haƙuri.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ban iya gaisuwa ba. Umma tana lafiya, sai gwiwar nan da ka sani, wadda take tashi duk damina. Rufin ɗakinka ya yi yoyo a ruwan farko, an canza kwanon. Sakamakonmu ya fito, na gama digirina na labarin ƙasa, yanzu jiran kiran bautar ƙasa nake yi. Ranar da aka kafe sakamakon sai da na ɗauko waya na nemo lambarka kafin in tuna. Damina ta biyu ke nan ba ka nan.

Yanzu ga maganar. Zan kawo ta yadda ta faru, in ware abin da na gani da idona daga abin da aka gaya mini, domin a wannan lamari kowa ya riga ya cakuɗa su.

Shirinka na talabijin, na ɗan leƙen asiri Ilu Mai Agogo, ya tsaya inda ka bar shi, a ƙarshen zango na huɗu. Ba a ɗauki na biyar ba. Amma bayan rasuwarka da 'yan watanni furodusan shirin ya haɗa kai da wata maɗaba'a, suka fara fitar da littattafan Ilu. Baffa Sani ne ya ba su izini, a matsayinsa na ƙanenka kuma babba a gida. Lokacin Umma tana takaba, ni ina makaranta. Ba a tambaye ta ba, ba a tambaye ni ba. Da na yi masa magana daga baya sai ya ce wai alheri ya yi maka, sunanka zai ci gaba da yawo a gari maimakon a binne shi tare da kai. To, sunanka yana yawo, Baba. Da ma ka ga wuraren da yake shiga.

A bangon kowane littafi an rubuta sunanka da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa, da ƙanana, an ce daga rubutun da marigayi ya bari. Babu sunan wani marubuci. Na duba gaba da baya.

Na karanta su duka, kowanne sau biyu, da fensir a hannu ina sa alama a duk inda aka yi kuskure. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Ilu naka mai gyaran agogo ne a bakin kasuwar Kurmi, mai tsohuwar riga, wanda ko reza ba ya yawo da ita. Aikinsa saurare. Masu fasa-ƙwaurin makamai suna wucewa ta gabansa ba su san da shi ba, domin ya iya gaisuwa, ya iya zama, ya iya yin shiru. Ilu nasu yana sa baƙar kwat a tsakiyar bazara, da bindiga a kowane aljihu. A littafi na ɗaya ya tuƙa mota a guje ta lungun bayan masallacinmu. Lungun nan fa, Baba, da in ɗan garuwa ya shigo da kurarsa sai ka manna bayanka da bango kafin ya wuce. A na biyu an yi tsere da kwalekwale mai inji a rafin Jakara. A Jakara! Wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayawa a bakin Jakara ya toshe hanci kuwa? A wani babi Ilu ya dira ta katanga cikin gidan matan aure da azahar, ya ratsa tsakar gida, ya fice ta zaure, babu matar da ta yi ihu, babu dattijon da ya ce kai ɗan gidan wane ne. A wani wurin ya shiga zauren mai unguwa da takalmi, bai durƙusa ba, bai gaisa ba, ya hau ba shi umarni. An harbe wani direba a ƙarshen littafi na ɗaya har aka yi masa sutura, sai ga shi a tsakiyar na biyu yana shan shayi, babu ko uzuri. In labari ya ƙi tafiya sai a tayar da bam. In bam ya yi yawa sai a kawo wata budurwa ta yi ta kuka a ƙirjin Ilu har babi ya cika. Ilu da ko ido ba ya haɗawa da mai kawo masa fura!

Ni kuwa na san yadda kake aiki, don a gabana ake yi. Ba ka rubuta cewa Ilu ya bi wani lungu sai ka bi shi da ƙafarka ka ga inda ya ɓulla. Ka taɓa tashi daga kan tuwo ka tafi unguwar Kabara don kawai ka tabbatar ko daga wata ƙofar gida ana hango wata. Ka dawo ka tarar tuwo ya huce, Umma tana mita wai Ilu ya zama ɗan fari a gidan nan, mu duk 'yan riƙo ne. Kana cewa mutumin birni zai yafe maka babbar ƙarya, amma ba zai yafe maka ka ɗauke lungunsu ka kai shi inda ba ya nan ba. Wannan aikin suka manna wa sunanka.

Da abin ya tsaya a shirme da na haɗiye. Littafin banza ba ya kashe kowa. A karanta, a yi tsaki, mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi. Littafi na uku ne ya kawo mu inda muke.

A cikinsa aka bayyana maci amanar da ke sayar da Ilu ga masu makamai. Baduku ne a Kurmi, abokin Ilu tun suna yara, yana ɗingisa ƙafar hagu, ba ya cin goro sai fari. An sa masa suna Sabi'u. Baba, wane ne a Madabo ba zai gane Malam Sabo ba? Amininka, wanda ya tsaya aka yi maka wanka, wanda ya sauka cikin kabarinka da ƙafar nan tasa ya karɓe ka. Ko wahalar canza masa sana'a ba su yi ba.

A babi na bakwai an ba da labarin ƙuruciyarsu. Yara biyu sun gudu daga makarantar allo sun tafi kallon majigi. Washegari malam ya ɗaga bulala daidai kan ƙafar mai ɗingishin, yaron ya tsorata ya faɗi sunan abokinsa, aka zane abokin. Ba zan yi ƙarya don ina fushi ba: babin nan yana da kyau. A cikin littattafan uku, nan ne kaɗai mutane suke magana kamar mutane. Kana karantawa kana jin warin tawada da hayaniyar yara. Fensirina bai taɓa shi ko sau ɗaya ba. Daga nan sai littafin ya ce wanda ya ci amana yana yaro zai ci ta da furfura, ya mai da shi mugu har shafin ƙarshe, inda Ilu ya tofa masa yawu.

An gaya mini, ban gani ba, cewa a Kurmi matasan rumfuna suna kiran Malam Sabo da Sabi'u, suna tambayarsa wai yau wa zai sayar, a ba shi ciniki. Abin da na gani da idona shi ne ya daina bi ta ƙofar gidanmu, yana zagayawa ta doguwar hanya. Ya bar sahun gaba inda kuke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ya koma na baya. Kwanon abincin da Umma take aika wa gidansu ran Juma'a yana dawowa a wanke, babu ko sannu da aiki a tare da shi. Sannan liman da bakinsa ya gaya mini abin da ya fi duk wannan. Malam Sabo ya same shi ya ce ranar jana'izarka, da aka ce jama'a su yafe maka, ya yafe abin da ya sani. Wannan kuwa bai san da shi ba a lokacin, saboda haka ba ya ciki.

Abin da ya tsaya mini a wuya ke nan. Tsegumin kasuwa zai wuce. Amma mutumin da ya fi kowa yi maka addu'a ya ce yafiyarsa ba ta kai nan ba, kai kuma kana inda ba za ka iya taka ƙafa ka je ka ba shi haƙuri ba. In ka yi masa haka, akwai haƙƙinsa a kanka. In ba ka yi ba, an sa amininka ya riƙe ka a zuciya a kan abin da ba ka sani ba. Ko wanne ne, ba zan iya zama in zuba ido ba.

Sai na tafi neman rubutun da aka ce ka bari. A maɗaba'a manaja ya ce yana wurin furodusa. Furodusa ya ce, ta waya, yana wurin iyali. Baffa ya ce shi bai taɓa ganinsa ba, wai kuma ai ba sai an gani ba, haka ake rubutawa a bango don littafi ya shiga kasuwa. Ni da Umma muka buɗe akwatinka muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Rubutun zango huɗun da aka riga aka nuna ne, babu komai bayansu.

Amma a ofishin maɗaba'ar na ga wani abu. A teburin kusurwa akwai wani mutum yana buga rubutu a kwamfuta. Ya ɗago muka haɗa ido, ya yi sauri ya sunkuyar da kai. Na san fuskar. Sai da na hau adaidaita sahu muka kama hanya na tuna inda na san ta.

A makokinka ne, Baba. Duk kwana ukun ya zo. Matashi ne mai shuɗin yadi, wayarsa a aljihun ƙirji, kanta ya leƙo waje. Ni na amsa ta'aziyyarsa, ni na ce masa Allah ya ba da lada. 'Yan unguwa suka ɗauka mutumin talabijin ne, mutanen talabijin suka ɗauka ɗan unguwa ne. Babu wanda ya tambaye shi, domin ba a tambaya. A rana ta biyu bayan azahar ya zauna a dama da Malam Sabo, ni ina fuskantarsu. A nan ne Malam Sabo, yana hawaye yana dariya, ya ba da labarinku na majigi da bulala. Ranar na fara jinsa. Kuma ya kai shi har ƙarshe: ka daina yi masa magana har watan azumi ya wuce, sannan da safiyar salla ka zo zaurensu ka ce ya taso ku tafi idi, in ƙafar ta gaji za ka goya shi. Ya ce tun daga ranar har kuka yi furfura ba ka sake tayar da maganar ba. Baƙon nan yana gyaɗa kai, yana ce wa Malam Sabo sai kuma me ya faru. Ya ji ƙarshen labarin sarai. Yanke shi aka yi, don da shi babu maci amana.

Ka gane wanda ya koya musu? Kai ne. A zango na biyu ka sa Ilu ya zauna a makokin wani attajiri ya kwashe sirrin gidan gaba ɗaya ba tare da ya yi tambaya uku ba. Ka sha faɗa a majalisarku, kana jin daɗin dabarar, cewa a Kano babu inda ɗan leƙen asiri zai ci kasuwa kamar zaman makoki: ba a tambayar mutum wane ne shi, ba a korarsa, a ba shi tabarma a ba shi ruwa, kuma kowa bakinsa a sake yake game da mamaci. Wani ya kalla, ya koya, ya zo ya gwada a kan tabarminmu, ya ci shinkafarmu. A duk abin da ka gina a shirin nan, wannan kaɗai suka fahimta.

Zan tsaya a kan abin da na sani. Ban ga yana naɗar murya ba, waya na gani a aljihu. Ban ga ya rubuta littafin ba, a teburin maɗaba'a na gan shi. Amma labarin da aka faɗa a gabansa ya fito a littafin da aka buga a inda yake aiki, har da irin kalmomin Malam Sabo.

Ran Litinin na ɗauki littattafan na tafi rumfar Malam Sabo a Kurmi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai neman hanya, ya ci gaba da yankan fata. Na buɗe masa shafukan da na sa wa alama. Na nuna masa motar, na nuna masa kwalekwalen, na nuna masa direban da ya tashi daga kabari ya sha shayi. Na yi ta zuba kamar ina kare aikina a gaban malaman jami'a, ina cewa mutumin da ya bar tuwo ya tafi Kabara ba zai rubuta wannan ba. Ya bar ni har na gama. Sannan ya ce duk wannan shirmen yara ne, ya san ba hannunka ba ne, ba ya bukatar mai digiri ya gaya masa. Wai in buɗe babi na bakwai in nuna masa inda fensirina ya taɓa. Na ce babu. Ya ce to, wanda ya sa kwalekwale a Jakara ba shi ya rubuta bulalar nan ba, wannan maganar wanda ya tsaya a wurin ce, kuma shi da kai ne kuka rage a duniya cikin waɗanda suka tsaya a wurin, yanzu saura shi kaɗai.

Ka ga abin da suka yi mana? Munin littattafan shi ne hujjata, sai ga babi ɗaya mai kyau ya rushe ta. Kuma kyansa na sata ne.

Sai na tuna masa rana ta biyu ta makoki, da mai shuɗin yadin da ya zauna a damarsa. Ya ajiye wuƙar. Daga baya ya ce ya tuna yaron, ya ɗauka almajirinka ne a harkar rubutu, har goro ya ɓara ya ba shi. Na ce a raina alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe da saura. Ya dube ni, karo na farko tun zuwana, ya ce ya ji, labarin majigi daga bakinsa ya fita. Amma shawarar a mai da abokin ƙuruciyar Ilu maci amana, ta wace ce? Zan iya rantsewa da Allah cewa ba ka taɓa nufin haka ba?

Ban iya ba, Baba. Kuma kai ka jawo.

Ka tuna yammacin nan a asibiti, ina ba ka kunu da cokali? Ka ce mini ka gano wanda zai ci amanar Ilu a zango na biyar, wani na jikinsa wanda ba mai zato, har Umma sai ta yi salati in ta gani. Na ce wane ne. Ka yi dariya har ka sarƙe, ka ce in jira in kalla kamar kowa. Washegari furodusa ya zo duba ka, ni kuma na fita sayo magani. Na dawo na tarar da ku kuna hira, kuka yi shiru da na shigo. Ban san abin da kuka faɗa ba. Da wannan a cikina, ta yaya zan ɗaga hannu in kira sunan Allah?

Abin da na gaya wa Malam Sabo ke nan, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ɗauki wuƙarsa. Ya ce in ba ka yi ba, babu abin da zai yafe. In kuwa ka yi, yana so ya san abin da yake yafewa. Ya ce in gaida Umma.

Da Baffa ya ji labari ya same ni a nan zaure ya wanke ni tas. Wai rantsuwa ɗaya ce da ta kashe wutar nan, in ya so in yi kaffara daga baya. Wai an kai ni boko na dawo ban iya rufa wa ubana asiri ba. Wai ni ɗan aku ne, abin da na ji shi nake maimaitawa. Ban tanka masa ba, don ƙanenka ne. Amma a nan zan faɗa: mutumin da ya ba da sunanka a manna wa rubutun da bai taɓa gani ba, shi ne zai koya mini rufin asiri? Ƙarya ta farko tana kan bangon littafi, yana so in ɗora ta biyu a kanta da sunan Allah.

Yanzu ga rabonka. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kana kwance, ka san jikinka, likita ya riga ya kira Umma gefe, amma ka zaɓi ka yi mini ja'irar dariya kamar ni ɗan kallo ne a gaban akwati. Kalma ɗaya ce fa. Da ka faɗi suna, da yau na tsaya a gaban Malam Sabo da ƙafa biyu. Ka ɓoye wa ɗanka abin da wataƙila ka gaya wa furodusa. Ka bi kowane lungu a birnin nan don kada Ilu ya yi kuskure, amma ba ka taɓa zama ka faɗa wa iyalinka abin da za a yi da Ilu bayan ranka ba. Ba ka iya cewa a'a ba, kowa ya zo da fara'a ka buɗe masa ciki. Ka tafi ka bar ƙofa a buɗe, ka bar ni, ni da ba na iya magana a gaban manya in tare ta. Ina fushi da kai, Baba. Astagfirullah, amma ina fushi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma fushin bai hana ni so ka sani ba. A makaranta, duk ranar da ake nuna shirinka, ina zuwa ɗakin kallo in zauna a baya. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa kai ne mahaifina ba, don ina so in ji abin da za su ce tsakani da Allah. Samari masu surutun tsiya sukan yi tsit in Ilu ya ɗauki agogo ya kara a kunne. Wata rana wani ɗan Yakasai da ba ya yabon komai ya ce wanda ya rubuta wannan ya san gari. Na adana maganar nan in ba ka ita ranar bikin kammala karatuna. Ga ta, ta iso a makare.

Jiya Talata bayan magriba na yi abin da ban taɓa yi ba. Na nemi izinin liman na miƙe a masallacinmu. Da zan shiga na ga takalman Malam Sabo a bakin ƙofa, saboda haka na san yana sahun baya. Na ce wa jama'a littattafan nan uku ba rubutunka ba ne, mun bincika akwatinka babu abin da ka bari. Na ce labarin babi na bakwai a makokinka aka ɗauke shi, a kan tabarminmu, kuma an yanke masa ƙarshe. Na ba su ƙarshen, safiyar salla da maganar goyo. Wasu dattawa suka yi kabbara ƙasa-ƙasa. Na ce ni da Umma mun kai wa maɗaba'a takarda cewa ba mu yarda a sa sunanka a littafi na huɗu ba. Sannan na faɗi abin da Baffa ba ya so a faɗa: ban san wanda ka yi niyyar mayarwa maci amana ba, kuma ba zan rantse a kan abin da ban sani ba. Na ce amma na san wanda ya sauka kabarinka, na kuma san ba a taɓa jin ka ambaci Malam Sabo da mugun baki a gidanmu ba. Na roƙe shi, da sunan gidanmu, ya yafe abin da aka yi masa a ƙofarmu, ya kuma yafe maka abin da ya sani da abin da ni da shi ba mu sani ba.

Baffa ya fice ta ƙofar gefe tun ban gama ba. Liman ya ɗaga hannu ya yi maka addu'a, masallaci ya amsa da amin. Ni ina sahun gaba, fuskata tana gabas. Ban waiwaya ba. Na so in waiwaya, wuyana ya ƙi. Kafin in shafa in juya, Malam Sabo ya riga ya fita.

Yayyafin ya tsaya. Nan da ɗan lokaci za a kira magriba, zan tashi in yi alwala in tafi, in ga sahun da zai tsaya. Kafin nan, ga abin da har yanzu ban sani ba:

Sunan mai shuɗin yadin, da ko shi ya rubuta littafin ko kuwa labarin kawai ya kai wa wani.

Ko ya san Malam Sabo zai gane kansa a ciki, ko kuwa bai ma tsaya ya yi tunanin ba.

Ko maɗaba'ar za ta cire sunanka. Sun karɓi takardar, ba su ce komai ba.

Abin da kuka faɗa da furodusa lokacin da na fita sayo magani.

Wanda ka zaɓa ya ci amanar Ilu.

Ko Malam Sabo ya ɗaga hannunsa jiya.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata maka kabarinka, ya sa can ta fi nan. Ni dai na yafe maka, ko da yake ban huce ba. Sai mun zo.

Ɗanka mai sunan mahaifinka,
Abba